Mu Rage Hannu a Tukunya!

Iyayenmu mata, uwayen gida da amare, magidanta da samari, ku ba ni hankalinku. Maganar tukunya ce ta kawo ni. Tukunyar da ke kan wuta a gidanki yanzu haka, Hajiya. Tukunyar da za ka ci abin da ta dafa anjima, Malam.

Mu ƙirga tare. Miyar kuka ce za a kaɗa. An ɓare dunƙulen magi huɗu, an marmasa. An ɗebo farin magi cokali guda, an zuba. An barbaɗa gishiri. An farke 'yar ledar nan mai ɗanɗanon kaza ko na albasa, an juye. An jefa 'yar kanwa don miya ta yi yauƙi. An sauke, an kai wa maigida. Shi kuwa tun kafin ya kai loma baki ya jawo robar yaji ya zazzaga, yajin da aka daka da dunƙule da farin magi da gishiri. Wannan fa tuwon dare kaɗai ke nan. Da safe an ci indomi da dukan garin da ke cikin ledarta. Da rana an ci garau-garau, an marmasa ɗanyen magi a kai. Da la'asar yara sun sayi awara da yaji a bakin layi.

Haka muka ci jiya. Haka muke ci yau. Haka za mu ci gobe in ba mu tashi tsaye ba.

Jama'a, hannunmu ya yi nauyi. Mu rage hannu!

Mene ne wannan farin magi da wasu ke kira ajino? Masana na kiransa monosodiyam gulutamet. A bayan leda za ku ga an rubuta monosodium glutamate, ko haruffa uku, MSG, ko lambar E621. Duk abu ɗaya ne. Wani masanin sinadarai ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya fara tace shi a 1908, daga wani ganyen teku da mutanen ƙasarsu ke yin romo da shi. A 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. A 1908 ɗin ne kuma kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fito da dunƙulensa. Yau ana samar da farin magi daga rake ko rogo ko masara: a tsima su da wasu ƙwayoyin halitta, a tace, a busar, ya fito fari fat. Kuma kada ku zaci a 'yar ledarsa kaɗai yake. Yana cikin dunƙule. Yana cikin garin indomi. Yana cikin kayan ɗanɗanon da ake sayarwa a ƙananan ledoji. Yana cikin da yawa daga kayan ciye-ciye masu gishiri da yara ke yi wa kuka a shagon unguwa. Wadda ta ce ita ba ta amfani da farin magi, amma tana jefa dunƙule shida a tukunya, to tana amfani da shi, ba ta dai sani ba ne.

Na san abin da ke yawo a wayoyinmu. Wai yana tsinka hanji. Wai yana hana haihuwa. Wai guba ce aka shigo mana da ita don a ƙarar da mu. 'Yan'uwa, ba sai mun ƙara wa zance gishiri ba. Gaskiyar da ke akwai ta isa ta tashe mu tsaye, kuma ita ce za ta tsaya ko a gaban wa.

Ga gaskiyar. Tsoron farin magi ya samo asali ne a Amurka a 1968, lokacin da wani likita, Robert Ho Man Kwok, ya rubuta wa wata mujallar likitoci wasiƙa yana cewa jikinsa kan yi masa wani iri bayan ya ci abinci a gidajen abincin 'yan Sin. Daga nan magana ta bazu, aka yi shekaru ana bincike. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsaya a kan cewa ba shi da illa idan aka ci shi gwargwadon yadda aka saba sa shi a abinci. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya duba shi a 1987, bai same shi da laifin da zai sa a hana ba. Shi gulutamet ɗin kansa yana cikin tumatir, yana cikin nama, yana cikin nonon uwa, yana cikin daddawarmu.

To, shi ke nan, mu ci gaba da zubawa? A'a. Ku saurari sauran zancen.

Wani rahoto da aka shirya wa hukumar ta Amurka a 1995 ya nuna cewa akwai mutanen da idan suka sha giram 3 ko fiye, ba tare da abinci ba, sukan ji ciwon kai, ko zafi a fuska da ƙirji, ko kasala, ko bugun zuciya, na ɗan lokaci. A 2017 kuma hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sake zama a kan maganar, ta yanka iyaka: miligiram 30 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mu yi lissafi. Mai nauyin kilo 60, iyakarsa ba ta cika giram 2 ba. Yaro mai kilo 15, iyakarsa ba ta kai rabin giram ba. Ƙaramin cokalin shayi na farin magi kuwa ya kusa giram 4. Hukumar ta kuma ce wasu mutane, har da yara, suna wuce wannan iyaka. Turawa ke nan, masu auna komai da sikeli. Ina ga mu da muke aunawa da tafin hannu?

Duk masanin da ya wanke farin magi, da sharaɗi ya wanke shi: a sa kaɗan. Mu kuma mun riƙe wankewar, mun yar da sharaɗin.

Amma babbar matsalar ba ta nan ma. Babbar matsalar sunanta sodiyam.

Sodiyam shi ne sinadarin da ke cikin gishiri, wanda idan ya yi yawa yake tayar da jini. Kashi 40 cikin ɗari na gishiri, ko kusa da haka, sodiyam ne. Farin magi na ɗauke da kashi 12 cikin ɗari. Dunƙule kuwa, ku juya kwalinsa ku karanta: abu na farko da aka jera a cikin kayan haɗinsa gishiri ne, kuma gishirin nan kan kai kusan rabin nauyinsa. Kanwa ma sodiyam ce. Garin indomi sodiyam ne. Wato duk abin nan da muka ƙirga ɗazu, suna dai suka bambanta, kaya ɗaya suke kai wa jikinmu.

Ku lura da wani abu. Tun da sodiyam ɗin farin magi bai kai na gishiri ba, da a ce uwargida za ta sa shi ɗan kaɗan ta janye gishiri, da ta rage wa iyalinta nauyi. Amma haka muke yi? Ina! Mu ba musanya muke yi ba, tari muke yi. Gishiri na nan, dunƙule ya hau kansa, farin magi ya hau kan dunƙule, 'yar leda ta hau kan farin magi, yaji ya rufe. Hawa biyar a faranti guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato miligiram 2,000 na sodiyam. Giram 5 bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kuma ba na miya kaɗai ake nufi ba. Na duk abin da ya shiga bakinka ne daga safe zuwa dare: burodi, ƙosai, tsire, miya, yaji, komai. Hukumar ta ce abin da mutanen duniya ke ci ya ninka wannan iyaka har ya wuce, kuma yawan sodiyam na da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan 1.9 a kowace shekara. Ƙaramin dunƙule mai giram 4 na ɗauke da gishiri kusan giram 2. Wanda ya marmasa uku a kwanon ɗanwakensa shi kaɗai, ya cinye rabonsa na yini har ya ci bashin na gobe.

Me sodiyam ke yi a jiki? Ruwa yake riƙewa. Idan ya yi yawa a jini, jiki ya tara ruwa don ya tsarma shi, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, zuciya ta shiga aikin ƙarfi. Ku ɗauki tiyon ban-ruwa da aka sakar wa ruwan da ya fi ƙarfinsa kullum: wata rana sai ya tsage a inda ya fi rauni, ko injin ya gaji ya tsaya. In jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta fashe ko ta toshe, shanyewar ɓarin jiki ke nan. In zuciya ce ta gaji, ga kumburin ƙafa, ga haki, ga kasa kwanciya. In ƙoda ce ta lalace, sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, da kuɗin da ke cinye gona da gida.

Wane ne a cikinmu bai san irin wannan gidan ba? Baba yana alwala ya faɗi, baki ya karkace. Inna ta tashi da safe, hannu ya ƙi ɗaguwa. Sai mu ce iska ce, mu ce jifa ne, mu fara zargin maƙwabta da kishiyoyi. Ba wanda ya zargi tukunya. Cuta da lafiya na Allah ne, babu musu. Amma Allah ya ba mu hankali, ya kuma hana mu wuce gona da iri a ci da sha. Hawan jini ba ya sallama. Ba ya aiko da ciwo tukuna. Sama da mutum biliyan ɗaya ke ɗauke da shi a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Mai yiwuwa kai da ke karanta wannan kana cikinsu. Mai yiwuwa ni ma.

Mu kuma muna da namu ƙarin. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka kuma alaƙanta shi, a wani ɓangare, da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Yau maijego na shan kunun kanwar, ga farfesun da aka cika da dunƙule, ga yajin jego da aka daka da farin magi. Da sunan gata muke ɗora wa zuciyarta kaya. Iyaye, kakanni, ungozomomi: ku tausaya wa 'ya'yan nan. Ku rage kanwa. Ku rage magi. In ta fara haki ko ƙafafunta suka kumbura, a kai ta asibiti a ranar.

Sai yara. Nan ne zuciyata ta fi ƙuna.

Yaro ba a haife shi da son magi ba. Mu muke koya wa harshensa. Tun yana wata bakwai ana ɗanɗana masa romon indomi. Kafin ya shekara uku ya san ɗanɗano ɗaya tak, ya ƙi duk abin da ba shi ba. A ba shi faten wake, ya tofar. A ba shi dambun zogale, ya kawar da kai. Har akwai yaran da ke lasar ɗanyen dunƙule, manya na kallo suna dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Harshen da aka saba wa gishiri a yarinta, shi zai nemi ƙari a girma, shi kuma zai iya kai mai shi layin masu hawan jini yana da shekara arba'in. Ko a Amurka, tun 1969 kamfanonin abincin jarirai suka daina sa farin magi a kayansu. Mu me ya sa za mu sa a kunun gyada da faten jaririnmu? Jaririn da bai kai shekara ba, kada a sa masa gishiri, kada a sa masa magi, fari ko dunƙule. Ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba.

Akwai kuma wanda ake aunawa a kasuwa. Kun san shi. Farin gari ko 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli, an ɗebo daga babban buhu, an ƙulla a farar leda. Ba suna. Ba adireshi. Ba ranar lalacewa. Ba lambar hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci. Wa ya yi shi? Oho. Me aka gauraya a ciki? Oho. In ya cuce ka, wa za ka kama? Babu. Araha ce ke jan mu, na sani, rayuwa ta yi tsada. Amma abin da ba ka san asalinsa ba, kada ka zuba wa 'ya'yanka. Kada ku saya! 'Yan kasuwa, ku ji tsoron Allah, kada ku sayar!

To me za mu yi? Abin yi na nan, kuma ba ya bukatar ko sisin kwabo. Hasali ma kuɗi zai rage mana.

Uwargida, ke ce sarauniyar wannan yaƙi. Daren yau ki ƙirga dunƙulen da kika saba sa wa. In shida ne, sa huɗu. Bayan mako biyu ki koma uku. Kada ki yanke gaba ɗaya rana guda, gida zai yi bore. A hankali za ki ja su. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni, har ya zo yana jin abincin da ya saba ci a da ya yi masa gishiri. Ki zaɓi ɗaya: in kin sa dunƙule, ki bar farin magi, domin yana ciki. In kin sa dunƙule, ki janye gishiri, domin yana ciki. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara. Ki daina aunawa da tafin hannu, ki nemi ƙaramin cokali. Gishirin da za ki sa kuma ya zama mai sinadarin aidin, saboda maƙoƙo da ƙwaƙwalwar yara. Kaɗan, amma mai kyau.

In za ki dafa wa yara indomi, rabin garin ya isa. Ki yanka albasa, ki sa tumatir da karas ko kabeji, ki fasa ƙwai in da hali. Kuma kada ta zama abincin kullum.

Za ki ce, to miyar fa, ba za ta yi lami ba? Haba, Hajiya! Da me kakarki ta yi miya? Shekaru aru-aru ana tuwo a ƙasar Hausa kafin a haifi Julius Maggi. Daddawa ce ta riƙe tukunya. Kalwar ɗorawa, a dafa ta ta yi laushi, a cire ɓawo, a rufe ta kwana biyu ko uku ta tsimu, a kirɓa, a shanya. Wannan tsimuwar ita ke fito da gulutamet ɗin da ke cikinta, shi ya sa take ba miya zaƙin nan da ake nema a leda. Sai dai ita ba ta zuwa da tulin gishiri, kuma tana zuwa da abin gina jiki. Ga daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa. Ga ta waken suya. Ga busasshen kifi, ga ƙashi a tafasa shi ya ba da romo, ga busasshen tumatir. Ga albasa a soya ta ta yi ja. Ga tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, kimba, ɗoɗɗoya. Ga tsamiya da lemon tsami, waɗanda ɗan tsaminsu ke sa a manta da ƙarancin gishiri. Duk suna nan a kasuwar ƙauye da ta birni.

Wani abin takaici, mun mai da daddawa abin kunya. Amarya ta ce wari take yi. 'Yar boko ta ce ta ƙauye ce. Ƙanwata, ki daka ta da citta da tafarnuwa, ki sa ta da wuri ta dahu a cikin miya, ki ga ko maigida ba zai nemi ƙari ba. Kuɗin da kika ba mai daddawa kuma yana komawa hannun wata baiwar Allah a ƙauye, ta sayi sabulu, ta kai ɗanta makaranta. Ku kuma masu sare ɗorawa don gawayi, ku dubi Allah ku bar mana ita. In ɗorawa ta ƙare, daddawa ta ƙare.

Maigida, zo nan, da kai nake. Rabin laifin nan naka ne. Kai ne mai ture kwano ka ce abinci ba daɗi. Kai ne mai cewa girkin wance ya fi na wance, har ka sa mata gasar zuba magi don su burge ka. Mace na tsoron a ce ba ta iya girki ba, shi ya sa hannunta ke nauyi. To ka sauke mata wannan tsoro. Ka ce mata da bakinka: “Ki rage, ni na ce.” In miya ta zo da sauƙin gishiri, ka ci, ka yaba, ka sa albarka. Ka ajiye robar yajin nan gefe, ko a daka maka wani da barkono da citta da ƙuli-ƙuli ba tare da farin magi ba. In za ka yi cefane, ka rage kwalin dunƙule, ka ƙaro alayyahu, zogale, rama, kuɓewa da wake. Ganye da wake da 'ya'yan itace na taimaka wa jini ya sauka. Kai da ka fi kowa cin tsire da balangu a waje, jininka ne a sahun gaba.

Mai shayi, mai tsire, mai awara, mai ɗanwake, Hajiya mai tuwo-tuwo, masu girkin biki da suna: amanar cikin jama'a na hannunku. Akwai wanda safe, rana da dare a wurinku yake ci. Ɗan acaba, ɗan dako, ɗalibi, almajiri. Ba ya ganin abin da kuka zuba. Ya yarda da ku ne kawai. Ku rage. Mai shayi, ka daina ƙara dunƙule a kan garin indomi, abin ya yi yawa. Mai tsire, ka yi yaji iri biyu, ka bar mai saye ya zaɓa. Kada ku ji tsoron ciniki zai gudu. Mai hawan jini na nan da yawa, yana neman inda zai ci abinci hankali kwance, kuma zai kawo abokinsa.

Samari da 'yan mata masu ilimi, ku ne idanun gida. Ku karanta wa iyayenku bayan leda. Ku nemi kalmar sodium, ku ga lambar da ke gabanta. Ku ninka ta sau biyu da rabi, shi ne nauyin gishirin da ke ciki. Miligiram 1,000 na sodiyam daidai yake da giram biyu da rabi na gishiri, rabin rabon yini ke nan. Ku duba lambar NAFDAC. Ku duba ranar lalacewa. Ku da kuke koyar da girki a TikTok da Facebook da YouTube, dubban amare na kwaikwayonku. In kun watsa dunƙule takwas a tukunya, gobe gida dubu za su watsa. Ku nuna musu miyar daddawa. Ku nuna musu cokalin awo. Ku yi gasar wadda za ta fi daɗin girki da mafi ƙarancin magi, mu ga gwanaye na gaskiya.

Malamanmu da limamanmu, ku sa wannan a wa'azi. Jiki amana ne. Malaman Islamiyya, ku faɗa wa mata a aji. Masu unguwanni, ku faɗa a taron suna da ɗaurin aure. Ma'aikatan lafiya, kada ku tsaya a kan “a rage gishiri” kawai. Mara lafiya zai koma gida ya daina gishiri, ya ninka dunƙule, yana ganin ya bi umarni. Ku ambaci magi da sunansa. Ku ambaci kanwa. Ku ambaci yaji da indomi. Masu rabon kayan azumi da masu haɗa gara, ku rage kwalayen dunƙule, ku sa wake da gero da daddawa. Hukumomi kuma muna kira gare ku: ku shiga kasuwa ku kwashe na buhu marar suna, ku sa kamfanoni su rage gishirin da ke cikin dunƙule, su kuma rubuta adadinsa ɓaro-ɓaro a gaban kwali, yadda ko mai ƙaramin karatu zai gane.

Kuma kowa ya je a auna jininsa. Kowa! Ba sai kai ya yi ciwo ba. Ba sai ido ya yi duhu ba. Awon ba ya cin minti biyar, ana yi a asibitin unguwa, ana yi a manyan shagunan magani. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake aunawa wata rana, a ga likita. In an ɗora ka a kan magani, ka sha kullum. Kada ka daina don ka ji sauƙi. Kada ka daina don ka rage magi. Rage magi taimako ne, ba ya maye gurbin magani. Mai juna biyu, kada ki yi wasa da zuwa awo. Mai ciwon ƙoda, ka tambayi likitanka kafin ka sauya abin da kake ci. Wanda kuma ya lura kansa na ciwo ko jikinsa na yi masa nauyi duk lokacin da ya ci abinci mai yawan farin magi, ya saurari jikinsa, ya bar shi.

'Yan'uwa, wannan yaƙi ba na Abuja ba ne, ba na Yamai ba ne. Na madafa ne. Ba ya jiran kasafin kuɗi. Ba ya jiran zaɓe. Ba ya jiran tallafi daga waje. Hannu ɗaya yake jira, hannun da ke ɓare dunƙule.

Ki ƙirga. Ki rage. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara.

Ka yi haƙuri da miya. Ka yaba. Ka ture yaji.

Ku karanta leda. Ku ƙi marar suna. Ku dawo da daddawa.

Ku faɗa wa maƙwabciya. Ku faɗa wa suruka, cikin ladabi. Ku faɗa wa amaryar da za a kai ranar Asabar. Ku karanta wa wadda ba ta iya karatu ba.

Daren yau, Hajiya, ki mayar da dunƙule biyu cikin kwali. Kafin Juma'a mai zuwa, Alhaji, ka ɗauki iyalinka da iyayenka ku je a auna jininku. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kare mana zuri'a. Mu rage hannu, jama'a, mu fara yau!